Taga uku, layi ɗaya: wa ya kamata ya riƙe WebSocket a manhajar kwamfuta?

Wata Litinin da hantsi na tsaya bayan mai karɓar kuɗi a wani shagon sarin magani, ina kallon manhajar da na rubuta musu da Electron, wani tsari na gina manhajar kwamfuta da kayan shafin intanet. Tagogi uku ne a buɗe a kan allo biyu: ta odar da ke shigowa daga rassa, ta lissafin kayan sito, da ta hira da ma'aikatan reshe. Oda ɗaya ta shigo, ƙararrawa ta kaɗa sau uku. Wannan hayaniya ce kawai, ana iya haƙuri da ita. Abin da ya tayar mini da hankali sai bayan azahar ya faru. An ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu kafin a tayar da janareta. Da wuta ta dawo, tagar oda ta sake ƙulla layinta da saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan a can nesa, tagar sito kuwa ba ta ƙulla ba, kuma ba ta nuna alamar komai ba. Ta ci gaba da nuna katan 40 na wani magani da tuni an fitar da fiye da rabinsa. Yaron shago ya karɓi kuɗin mutum a kan kayan da babu su. Mai shagon ya dubi allon nan, ya dubi wancan, ya ce, "Malam, to wacce zan yarda da ita?"

Tun daga ranar nake ɗaukar maganar nan da muhimmanci. Kowace taga ta buɗe nata WebSocket, wato layin da ke zama a buɗe tsakaninta da saba ana musayar saƙo ta cikinsa, don haka kowace tana da tata gaskiyar. Maganin shi ne a samu layi ɗaya da duk tagogin za su sha daga gare shi. Amma hanyoyin yin hakan sun kai shida, kuma kowace da inda take cizo.

Kafin a kai ga zaɓi, sai a fahimci abin da ya sa batun yake da wuya tun farko. Electron, wanda GitHub ya fitar a 2013 da sunan Atom Shell kafin a sauya masa suna a 2015, haɗin Chromium ne, wato injin burauzar Chrome, da Node.js, mai gudanar da JavaScript a wajen burauza. Akwai babban sashe guda ɗaya da ke tayar da manhaja, yana ƙirƙirar tagogi, yana kula da menu da sauransu. Kowace taga kuma tana gudana a nata sashen daban, da ma'adanarta daban, kamar ɗakunan gidan haya da kowa ya kulle nasa. Abin da taga ta farko ta ajiye, ta biyu ba ta ganinsa. Ba kuma za ka iya ɗaukar WebSocket ɗin da ke buɗe ka miƙa shi ta IPC, hanyar aika saƙo tsakanin sassan, ba, domin abin da ke bi ta wannan hanya kwafinsa ake yi, kuma buɗaɗɗen layi ba ya kwafuwa. Saboda haka duk wanda ya ce zai raba layi tsakanin tagogi, abin da yake nufi shi ne wani ɗaya zai riƙe layin, saura su riƙa aika shi. Tambayar ita ce wa za a ba riƙon, yaushe yake mutuwa, kuma me zai faru da sauran idan ya mutu.

Ka fara tabbatar da cewa kana da matsalar ma. Idan tagoginka buƙatun HTTP na yau da kullum suke aikawa da fetch, a tambaya a amsa a wuce, to Chromium ya riga ya yi maka aikin. Tagogin da ke cikin session ɗaya suna amfani da kukis ɗaya, da ma'ajin wucin gadi ɗaya, da tarin layuka ɗaya. Idan sabarka tana jin HTTP/2, wanda aka tsayar a 2015, buƙatu da yawa suna bin layin TCP guda a lokaci ɗaya. Babu abin da za ka ƙara a nan sai wahala. Matsalar tana tasowa ne da layin da ke zama a buɗe: WebSocket, wanda RFC 6455 ya tsara a Disambar 2011, ko EventSource da saba ke turo labari ta cikinsa. Na biyun yana da tarko na musamman. A kan HTTP/1.1, Chromium ba ya buɗe fiye da layi 6 zuwa saba ɗaya, don haka idan tagogi shida kowace ta riƙe EventSource, buƙata ta bakwai za ta tsaya tana jira har abada, ba tare da wani saƙon kuskure ba.

Akwai kuma halin da barin kowace taga da layinta ba laifi ba ne. Idan tagogin biyu ne, kuma abin da suke kallo bai haɗu ba, misali ɗaya farashin kasuwa ɗaya hira, ka bar su haka. Shi ne mafi sauƙin rubutawa, kuma faɗuwar ɗaya ba ta shafar ɗaya. Kuɗin da kake biya shi ne kowane layi da gaisuwarsa ta TLS, wato musayar tsaro da ake yi kafin a fara magana, kowane saƙon da ya shafi kowa yana saukowa sau adadin tagogi, saba kuma tana ƙirga mutum ɗaya a matsayin uku. A wurin da ake sayen data da awo, kuma sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ko da data kyauta ce, da zarar tagogi biyu sun fara nuna abu ɗaya, kamar adadin katan ɗin nan, ranar saɓaninsu tana tafe.

Hanyar da yawancin mutane ke fara bi, kuma da gaskiyarsu, ita ce a ba babban sashe riƙon layin. Ka sa laburaren ws na Node.js a can, ka buɗe layi sau ɗaya lokacin da manhaja ta tashi. Saƙo ya zo, ka tura wa tagogin da suka nema da webContents.send. Taga tana son aikawa, ta kira ipcRenderer.invoke, babban sashe ya karɓa da ipcMain.handle. Tsakaninsu akwai fayil ɗin preload da contextBridge, inda kake fitar da ƴan ayyuka kaɗan masu suna, kamar "yi rajistar sito" ko "aika oda". Kada ka miƙa wa shafi ipcRenderer ɗungurungum don gudun rubuta layuka goma. Tun Electron 12 aka mai da contextIsolation a kunne tun asali, a Electron 14 aka cire tsohon remote, a Electron 20 kuma aka sa tagogi cikin sandbox, wato aka killace su, duk don a rage abin da shafi zai iya taɓawa idan wani mugun rubutu ya kutsa cikinsa. Idan ka buɗe ƙofar da suka rufe, kai ka jawo.

Alherin wannan hanya yana da yawa. Babban sashe yana raye muddin manhaja tana raye, ko an rufe duk tagogi, kamar yadda aka saba a macOS ko a manhajar da ke laɓewa kusa da agogo a Windows. Tikitin shiga na mai amfani, wato shaidar da saba ke ba shi bayan ya shiga, yana zama a can, ba ya sauka cikin shafi ko kaɗan. Ƙararrawa da sanarwa da buga rasit daga wuri ɗaya suke fita, don haka sau ɗaya suke faruwa. A nan ne kuma powerMonitor yake, mai gaya maka lokacin da kwamfuta ta yi barci da lokacin da ta farka, abin da za mu ga amfaninsa nan gaba.

Inda take cizo wuri biyu ne, kuma na biyun ba kowa ya san shi ba sai ya faɗa ciki. Na farko, babban sashe shi ne mai kula da tagogin kansu. Idan ka sa shi warware wani ƙaton JSON na lissafin kaya dubbai, ko ya tsaya rubuta bayanai a faifai ba tare da sakin hanya ba, duk tagogin za su daskare tare. Mai amfani zai ja taga ta ƙi motsi, ya danna menu shiru. Idan saƙonninka ƙanana ne, ƴan kaɗan a daƙiƙa, ba za ka taɓa jin wannan ba. Idan ambaliya ce, kamar farashin da ke sauyawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, za ka ji shi tun makon farko. Na biyu, layin da ws ya buɗe ta Node.js yake fita, ba ta Chromium ba. Node.js a yadda ya zo ba ya bin furoksin da aka saita wa kwamfuta, wato sabar tsakiya da intanet ke bi ta cikinta kafin ya fita, kuma yana tafe da nasa jerin takardun shaidar tsaro maimakon na Windows ko macOS. A gidanka komai zai yi aiki lafiya. Ranar da aka girka manhajar a banki ko asibiti ko wata ma'aikata da duk intanet ɗinta ta furoksi yake bi, da takardar shaidar da ma'aikatar ta sa wa kwamfutocinta, za ka ga shafuka suna buɗewa amma layi ya ƙi ƙulluwa. Ana gyara shi: session.resolveProxy zai gaya maka furoksin da ya kamata a bi, sai ka haɗa wa ws da hannu, ka kuma shigar da takardun shaidar. Amma aiki ne da ya kamata ka sa a lissafi tun farko idan irin waɗannan wurare za ka kai kayanka.

Akwai ƙaramin abu kuma da zai same ka ko ba jima: ka tura saƙo ga tagar da aka rufe daƙiƙa ɗaya da ta wuce, Electron ya jefo maka "Object has been destroyed". Ka riƙa duba isDestroyed kafin turawa, kuma ka cire taga daga rajista da zarar ta rufe.

Matsalar daskarewa ita ta sa nake fifita ƙanen wannan hanya, wato utilityProcess, wanda ya shigo a Electron 22 a ƙarshen 2022. Masu VS Code ne suka buƙace shi lokacin da suke ƙaurar da tagoginsu zuwa sandbox, suna neman inda za su kai ayyukan Node.js masu nauyi. Sashe ne na daban mai cikakken Node.js, ba shi da taga, ba ya zana komai. Ka ba shi layin, ka ba shi warware saƙonni da ajiye su. Daɗinsa yana cikin MessageChannelMain: duk lokacin da aka buɗe sabuwar taga, babban sashe ya ƙirƙiri bututu mai baki biyu, ya miƙa baki ɗaya ga mai riƙe layi, ɗaya ga tagar, ya koma gefe. Daga nan saƙonni kai tsaye suke tafiya, ba sa bi ta kansa. Electron ya kuma ƙara wa waɗannan bututu sanarwar close, don haka idan taga ta rufe ko ta faɗi, mai riƙe layi zai sani nan take ya share rajistarta.

Idan sashen ya faɗi, tagogi ba sa faɗuwa da shi. Wannan alheri ne, amma da aikinsa: dole babban sashe ya saurari exit, ya tayar da sabo, ya sake raba wa kowace taga sabon bututu, tagogin kuma su san cewa su sake yin rajista. Ka ƙara da memorin da sashe ɗaya na daban zai ci, da kuma cewa batun furoksi yana nan yadda yake idan ws kake amfani da shi. Ga ƙaramar manhaja mai saƙo jefi-jefi, wannan ya yi yawa, babban sashe ya wadatar. Ga wadda za ta girma, gara a fara da shi, don ƙaurar da layi daga baya, bayan rabin manhajar ya jingina da babban sashe, tiyata ce.

Kafin zuwan utilityProcess, dabarar da ake yi ita ce ɓoyayyar taga: a buɗe BrowserWindow da show a kashe, a sa layin a cikinta. Har yanzu za ka same ta a tsofaffin manhajoji. Abu ɗaya take da shi da har gobe yake da daraja, layinta ta Chromium yake fita, don haka furoksi da takardun shaida ba su dame ka ba. Sauran duk nauyi ne. Tana cin memorin cikakkiyar taga, sai ka tuna ka kashe mata backgroundThrottling, kuma tunda Electron yana ƙirga ta cikin tagogi, window-all-closed ba zai taɓa zuwa ba. Mai amfani ya rufe komai yana zaton ya fita, manhaja tana nan a ɓoye. Sabon aiki ba zan fara shi da ita ba.

SharedWorker shi ne babban abokin hamayyar utilityProcess, kuma akwai halin da ya fi shi nesa ba kusa ba. Wannan kayan burauza ne: rubutu ɗaya da ke gudana a gefe, duk shafukan da suka fito daga asali ɗaya, wato adireshin tushe ɗaya, suna haɗuwa da shi ta onconnect, kowane ya samu nasa bututun. Taga ta farko ce ke tayar da shi, saura su tarar da shi a raye. Ka buɗe WebSocket a cikinsa, shi ke nan. Babu preload, babu IPC, kuma layin ta Chromium yake bi, don haka matsalar bankin nan ba ta taso ba. Babban abin jan hankalinsa shi ne idan manhajarka tana da fuska biyu, ana buɗe ta a burauza, ana kuma girka ta a kwamfuta. Rubutu ɗaya zai yi maka aiki a duka biyun. Duk wanda ya taɓa kula da kod biyu masu yin abu ɗaya, ya gyara nan ya manta can, ya san darajar wannan.

Sharuɗɗansa sai an kiyaye. Dole tagogin su zama asali ɗaya kuma session ɗaya; idan ka ba wata taga partition na daban, nata SharedWorker ɗin za ta tayar, ka koma layi biyu ba ka sani ba. Gara kuma ka riƙa loda shafukanka ta wani protocol naka da ka yi wa rajista da registerSchemesAsPrivileged, maimakon file://, don asalin ya fito sarai. Ba ya samun Node.js ko da ka kunna nodeIntegrationInWorker, don haka ba zai taɓa firinta ko faifai kai tsaye ba, sai ya roƙi wata taga ta isar da saƙo. Tikitin shiga ma a ɓangaren shafi yake zama. Abin da ya fi muhimmanci, ransa a hannun tagogi yake: taga ta ƙarshe ta rufe, ya mutu da layinsa. Idan kana son manhaja ta ci gaba da karɓar oda alhali babu taga a buɗe, wannan kaɗai ya fitar da shi daga lissafi. Sanin lokacin da taga ta tafi shi ma aiki ne, don a burauza ba ka da tabbacin za a sanar da kai. Mutane kan sa taga ta yi sallama a pagehide, amma tagar da ta faɗi ba ta sallama, sai a haɗa da wata dabarar duba ko tana nan. Ga bincike, kurakuransa ba sa fitowa a DevTools, allon binciken kurakurai, na taga, sai ka buɗe nasa da inspectSharedWorker. Na ga wanda ya yi kwana biyu yana neman kuskuren da ke rubuce ɓaro-ɓaro a wancan allon da bai san da shi ba.

Akwai kuma zaɓen shugaba tsakanin tagogi. Kowace taga ta nemi makulli ɗaya da navigator.locks, wadda ta samu ita ke buɗe layi, tana watsa wa saura ta BroadcastChannel. Idan ta rufe ko ta faɗi, makullin ya saku da kansa, ta gaba a layi ta karɓa. Dabara ce mai kyau a burauzar da ba ta da SharedWorker. A manhajar kwamfuta an gudu ne ba a tsira ba. Duk lokacin da aka rufe shugabar, layi ya yanke sai an ƙulla sabo, kuma BroadcastChannel ba ya ajiye abin da ya wuce. Idan shugabar ita ce tagar da aka naɗe ƙasa tun safe, ga wani kuma: tun Chrome 88 a Janairun 2021, shafin da ya ɓuya fiye da minti 5, ba ya fitar da sauti, ba ya amfani da WebRTC, ana iya mai da agogonsa mai maimaituwa zuwa sau ɗaya a minti. Saƙon "ina nan" da kake aika wa saba duk daƙiƙa 20 zai makara, saba ta ɗauka ka tafi ta yanke. Kana da babban sashe da ba ya ɓuya, ba ya naɗewa, ban ga dalilin ɗora wa taga wannan nauyi ba.

Ta ƙarshe ita ce a fitar da layin daga manhajar baki ɗaya, a ba wata ƴar hidima da ke gudana a bayan fage ko manhaja na buɗe ko tana rufe. Haka Docker yake: dockerd yana zaune, masu magana da shi suna zuwa ta Unix socket. Idan aikinka daidaita fayiloli ne dare da rana, ko VPN, ko manhajoji biyu daban suna buƙatar layi ɗaya, babu makawa. In ba haka ba, ka ɗauko wa kanka girkawa ta daban a kowane tsarin kwamfuta, da sabuntawa biyu, da ranar da sabuwar manhaja za ta tarar da tsohuwar hidima ba sa jin yaren juna. Ga kuma tsaro. A Yulin 2019 mai bincike Jonathan Leitschuh ya bayyana cewa Zoom na macOS yana barin wata ƴar saba tana sauraro a cikin kwamfuta, kuma kowane shafin intanet zai iya yi mata magana ya jefa mutum cikin kira. Har Apple ya tura sabuntawa a shiru ya cire ta. Ka tuna WebSocket ba ya ƙarƙashin dokar CORS, wadda ke taƙaita maganar shafi da sabar da ba tasa ba, kowane shafi zai iya ƙwanƙwasa localhost, sai idan mai sauraron ya duba Origin da kansa. Idan dole ne sai ka bi wannan hanya, ka yi amfani da Unix socket ko named pipe na Windows, waɗanda burauza ba ta kai musu.

Wanda ba da Electron yake aiki ba, sai da wani tsarin kamar Tauri ko Qt, zaɓinsa ya fi gajarta. A Tauri, wanda ya kai 1.0 a Yunin 2022 da 2.0 a Oktoban 2024, ka riƙe layin a ɓangaren Rust, ka ajiye shi cikin state ɗin manhaja, ka tura wa tagogi da emit. Kada ka jingina da SharedWorker a can, domin Tauri ba ya tafe da burauzarsa: WebView2 ne a Windows, WKWebView a macOS, WebKitGTK a Linux, kuma WebKit na Apple sai a Safari 16 na 2022 ya dawo da SharedWorker bayan shekaru da cire shi. A Qt kuwa tagogi duk a sashe ɗaya suke, QWebSocket guda da signals ya gama magana, kuma QNetworkAccessManager ɗaya ya isa manhaja duka. Abin kiyayewa kawai shi ne a taɓa shi daga zaren da aka ƙirƙire shi.

Duk wadda ka zaɓa, tsugune ba ta ƙare ba, kuma a nan ne na fi ganin ana tuntuɓe. Haɗa layi wuri ɗaya kwana ɗaya ne. Sauran makon yana tafiya ne a kan abubuwan da ke biye.

Ɗauki tagar da aka buɗe a makare. Layi yana buɗe tun ƙarfe 8, an buɗe tagar sito ƙarfe 11. Duk sauye-sauyen safe sun wuce ta. Idan mai riƙe layi ɗan aike ne kawai, yana miƙa abin da ya zo, wannan taga za ta fara da fanko. Dole ya riƙe hoton halin da ake ciki, ya ba sabuwar taga wannan hoton tukuna, sannan sauye-sauye su biyo. Kowane sauyi kuma ya zo da lamba mai hawa. Idan taga ta ga 501 sannan ta ga 503, ta san wani ya ɓace, ta nemi sabon hoto maimakon ta ci gaba a kan ƙarya. Wannan lambar ita ce amsar tambayar da mai shagon ya yi mini.

Sai ƙirgar rajista. Taga biyu suna kallon sito, ɗaya ta rufe. Idan ka aika wa saba "na daina" a lokacin, ka kashe wa ɗayar ido. Ka riƙa ƙirgawa: rajista ta farko ce kaɗai ke zuwa saba, fita ta ƙarshe ce kaɗai ke soke ta. Haka kuma amsoshi. Tunda layi ɗaya ne, kowace buƙata ta tafi da lambar shaida, mai riƙe layi ya tuna tagar da ta aiko, don amsar tagar hira kada ta faɗa tagar oda.

Mafi haɗari shi ne layin da ya mutu bai sani ba. Lokacin da na'urar intanet ta mutu a shagon nan, babu wanda ya aiko da sallama. TCP yana iya zama tsawon lokaci yana zaton komai lafiya, onclose bai zo ba, alamar kore tana nan. Hanyar ganewa ita ce ka riƙa aika ɗan saƙo lokaci-lokaci, idan amsa ba ta zo cikin ƙayyadadden lokaci ba ka yanke da kanka. Ƙa'idar WebSocket tana da ping da pong, ws yana ba ka su kai tsaye, amma WebSocket na burauza ba ya barin rubutunka ya aika ping. Don haka a SharedWorker sai ka ƙirƙiri naka saƙon "ina nan" kuma saba ta san amsa shi. Wannan maki ne ga ɓangaren Node.js. Wani makin shi ne powerMonitor: an rufe murfin laftof an tafi sallah, an dawo an buɗe, resume ya zo, ka yanke tsohon layi ka ƙulla sabo nan take ba tare da jiran agogo ba. Wajen sake ƙullawa kuma a riƙa ninka tazara, daƙiƙa 1, 2, 4, har zuwa wata iyaka, a ɗan sassauya lokacin ba bisa tsari ba, don kada duk rassa su afka wa saba a daƙiƙa ɗaya idan ita ce ta faɗi ta tashi. Kuma halin layin, a haɗe ko a yanke, shi ma labari ne da za a tura wa kowace taga ta nuna shi a fili.

Odar da aka danna lokacin da layi ke yanke ta shiga jerin jira a wurin mai riƙe layi, da lambar da ba ta maimaituwa, don idan an aika sau biyu saba ta gane abu ɗaya ne. Kar ka manta da requestSingleInstanceLock kuma. Ba tare da shi ba, yaron shago ya danna alamar manhaja sau biyu, ka samu babban sashe biyu da layi biyu, duk aikin da ka yi ya koma baya.

Idan ka tambaye ni wacce, tambaya biyu zan yi maka. Shin manhajar tana buƙatar layi alhali babu taga a buɗe, ko tana taɓa firinta da faifai? Idan e, ɓangaren Node.js ne naka: babban sashe idan saƙonni ƙanana ne, utilityProcess idan suna da yawa ko kana ganin za su yawaita. Shin wannan kod ɗin zai gudana a burauza ma, ko abokan cinikinka ma'aikatu ne masu furoksi, kuma ba ka damu layi ya mutu da taga ta ƙarshe ba? To SharedWorker. A shagon maganin na zaɓi utilityProcess, domin rasit yana fita ko an rufe tagar oda, kuma lissafin sito da ke saukowa da safe yana da nauyin da ba na so ya bi ta babban sashe. Na sa wata ƴar jar alama a saman kowace taga da ke cewa layi ya yanke tun ƙarfe kaza, kuma muddin tana nan, maɓallin sayarwa a tagar sito ba ya dannuwa. Da aka sake ɗauke wuta a makon da ya biyo, tagogin uku suka yi ja tare. Yaron shago ya ce wa mai saye ya ɗan dakata a tayar da janareta, ya miƙa masa kujera.